Yadda Ake Zaɓen Jirgin Ƙasa na Katako Mai Sauƙin Kuɗi, da Yadda Za a Hana Layinsa Wargajewa

Ɗana yana da shekara uku da 'yan watanni aka kawo masa jirgin ƙasa na katako, tsarabar Umara daga wurin gwaggonsa. Bayan sallar isha'i muka zauna a tsakar falo na haɗa masa layin, da gada guda a tsakiya. Ya tura kan jirgin da taragu uku, yana hawa gada gwiwarsa ta taɓa ƙafarta, komai ya zube. Na gyara. Ya sake turawa, ƙanwarsa mai rarrafe ta iso ta fizge wata kwanar layin ta kai baki. Na sake gyarawa. Kafin lokacin barci ya kife kai a cinyata yana kuka, yana cewa, "Abba, hanyar ta ƙi tsayawa." Bayan kwana uku mamansu ta tattara komai a kwali ta ɗora a saman sif.

Abin ya tsaya mini a rai, domin na ga yadda fuskarsa ke washewa duk sanda jirgin ya zagaya ya dawo inda ya taso. Wasa ne da ba ya neman caji, ba ya cin data, ba ruwansa da ɗauke wuta. Ban yarda ya ƙare a saman sif ba. Abin da zan bayyana a nan shi ne abin da na koya daga ranar zuwa yau, tun daga saye har zuwa allon da ke ƙarƙashin gadon yaran yanzu.

Mataki na farko: ka san ma'aunin layin

Kamfanin BRIO na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa tun 1884, shi ya fito da nasa layin dogo na katako a 1958, kuma ma'auninsa ne yawancin masu ƙera irin wannan wasa suke bi har yau. Wannan shi ne babban abin da ke ceton aljihun uba. Ba dole ba ne ka sayi BRIO, wanda kuɗinsa ke da nauyi, domin na Hape, da na Bigjigs, da LILLABO na IKEA, da waɗanda shagunan Lidl da Aldi ke sayarwa a Turai, da tarin marasa suna daga Sin, galibinsu suna shiga juna.

Ga ma'aunin: faɗin layi milimita 40, kaurinsa milimita 12. A samansa akwai kwarmi biyu da tayoyi ke bi, kowanne faɗinsa wajen milimita 6, zurfinsa wajen 3, tsakaninsu kuma tudu ne mai faɗin milimita 20. Gefe ɗaya na kowace gunduwa yana da kai mai zagaye da siririn wuya, ɗaya gefen kuma rami ne da kan ke faɗawa. Zan kira su namiji da mace, kamar yadda masu aikin famfo ke kiran kayansu.

Miƙaƙƙun suna zuwa da tsawo iri-iri: milimita 54, 72, 108, 144 da 216. Ka lura da lissafin, don zai yi maka amfani nan gaba: 54 biyu sun ba da 108, 72 biyu sun ba da 144, sannan 108 biyu, ko 144 da 72, sun ba da 216. Kwana kuwa takwas ne ke yin cikakken da'ira, kuma da'irar manyan kwanoni tana cin fili wajen santimita 45. Kwanar kirki tana da kwarmi sama da ƙasa, in ka kife ta sai ta karkata ɗaya hannun.

In za ka kasuwa, ka tafi da 'yar rula a aljihu. In kuma kana da layin a gida, ka ɗauki gunduwa guda ka gwada da sabon a gaban mai shago.

Mataki na biyu: saye

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne kallon lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Sai ka ga an rubuta guda 80 ko 100, ka ɗauka ka yi tsintuwa, ka buɗe ka tarar rabinsu 'yan bishiyoyi ne da alamun hanya da 'yan mutum-mutumi. Su ne ke fara ɓata, su ne kuma ƙaramin yaro ke kaiwa baki. Ka juya bayan kwalin ka ƙirga layin kaɗai. Don farawa, abin da yaro ɗan shekara uku ke buƙata bai wuce manyan kwanoni 8 zuwa 12 ba, miƙaƙƙu 6 zuwa 8 masu tsawo daban-daban, mararraba guda biyu, kan jirgi ɗaya da taragu uku. Gada in ta zo, madalla. In kuɗin bai kai ba, a bar ta, domin ita ce ma uwar rigimar.

IKEA ba ta da shago a Najeriya ko Nijar, amma tana da shi a Jidda da Riyad da Dubai da Alƙahira. In kana da ɗan'uwa mai zuwa Umara ko mai sarin kaya, ƙaramin kwalin LILLABO ba ya cin kilo, kuma a ganina yana cikin waɗanda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. A intanet akwai Jumia da Konga da AliExpress da Temu. A nan kada ka dogara da hoton mai talla. Ka gangara ka duba hotunan da masu saye suka ɗora, ka kuma nemi inda aka rubuta cewa layin yana shiga da na sauran manyan kamfanoni. Akwai wasu ƙananan jirage da hoto ke nuna su kamar na gaske, sai sun iso ka ga layin bai kai faɗin yatsa biyu ba, ba ya shiga da komai.

Amma inda na fi samun alheri shi ne wurin 'yan gwanjo masu buɗe dilar kayan wasan yara. Layin katako ba ya tsufa da wuri, kuma sau da yawa mai kayan bai ɗauke shi a bakin komai ba, yana zube a ƙasan buhu tare da karyayyun motocin roba. Ka tsuguna ka tsince. Wanda ya yi nauyi a hannu, mai santsi, mai launin ƙasa-ƙasa da 'yan ɗigo-ɗigo ƙanana a jikinsa, shi ne katakon kirki mai tauri. Wanda ya yi sakayau, farce na iya yi masa tabo, gefensa na tashi da zare-zare, ka bar shi ko da kyauta ne. Araha ba ta ado, balle a abin da yaro zai riƙa murzawa da tafin hannu.

Jirgi mai batir kuma ka jinkirta shi. Yaro ɗan shekara uku yana son ya tura da hannunsa, mai batir kuwa mayar da shi yake ɗan kallo, ga yawan sauka daga layi a ƙananan kwanoni.

Mataki na uku: bincike kafin ya shiga hannun yaro

Wannan matakin ba na wasa da shi, kai ma kada ka yi.

Taragu suna haɗuwa ne da maganaɗisu a gaba da baya. Ka kama kowane maganaɗisu ka ja da ƙarfi, ka murɗa. In ya motsa ko kaɗan, ka ware taragon nan. Yaro in ya haɗiye maganaɗisu biyu, suna iya jawo juna ta cikin hanji su matse naman da ke tsakaninsu har ya huje, kuma da farko abin ba ya nuna alama sai ciwon ciki da amai kamar kowane. In ka yi zargin yaro ya haɗiye, asibiti kai tsaye, ba jiran gobe, ba jiƙe-jiƙe. Haka za ka ja tayoyi ɗaya bayan ɗaya. In akwai mai batir, ka tabbata murfin batirin da sukuru aka ɗaure shi.

Sai girman kaya. Ma'aunin da Turai da Amurka ke gwada kayan wasan 'yan ƙasa da shekara uku da shi wani ɗan bututu ne mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya yana iya shaƙe yaro. A gida, kwalin tsakiyar takardar banɗaki ya isa gwaji, ya ma ɗan fi wancan faɗi. Abin da ya faɗa ciki ya ɓace, ka ɗauke shi in akwai mai rarrafe a gidan. Yawancin waɗannan jirage an rubuta musu shekara uku zuwa sama. BRIO na da wani nau'i na 'yan wata 18, amma in ba shi ka samu ba, ka ɗauka na 'yan uku ne.

Sai fenti. A watan Yuni na 2007 kamfanin RC2 ya janye kayan wasan jirgin katako na Thomas kusan miliyan 1.5 daga kasuwar Amurka saboda an sami dalma a fentinsu. Mu kuwa ba baƙi ba ne ga sharrin dalma: a 2010 gubarta ta kashe aƙalla yara 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Ido ba ya ganin dalma a fenti, don haka ƙa'idata mai sauƙi ce. Layi marar fenti na gwanjo ina saye hankali kwance. Tsohon tarago mai fenti, musamman ja ko rawaya, da ya fara ɓarewa, ba na kai shi gida. A sabon kaya kuma ina duba alamar CE da rubutun EN 71 ko ASTM F963 a jikin kwali, wato alamomin cika ƙa'idojin lafiyar kayan wasa na Turai da Amurka. Ana iya buga su na jabu, gaskiya ne, amma kwalin da ko alamar bai damu ya sa ba, ka san ba mai kula ne ya yi shi ba.

Wanke na gwanjo: tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, a goge, a shanya a inuwa. Kada a jiƙa a bokiti, kada a baza a rana, katakon zai kumbura ya kantare. Inda ya yi kaushi a bi shi da sanfefa mai laushi.

Mataki na huɗu: gano abin da ke wargaza layin

Da farko na ɗauka laifin yaro ne da rashin natsuwa. Da na zauna na lura, sai na ga ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Abu huɗu ne: ƙasa mai santsi, layin da aka haɗa da ƙarfin tsiya, mahaɗa da ta yi sako-sako, da gada marar gindi. Kowanne da maganinsa, kuma uku daga ciki ba sa buƙatar gam ko ƙusa. Ka bi su bi da bi kafin ka yi tunanin manne komai.

Ƙasa tukuna. A kan tayil ko ledar ɗaki, layi zamewa yake yi, yaro na dafa gefe ɗaya ɗaya gefen ya buɗe. A kan kafet mai gashi ko katifa kuma lotsawa yake yi, namiji ya fito daga rami ta sama. Tabarma tana da tudu da kwari. Abin da ya fi dacewa shi ne shimfiɗa siririya mai kama abu: kafet marar gashi, ko darduma da ta kwanta, ko robar nan mai huji-huji da ake sakawa a ƙarƙashin kafet ko cikin durowar kicin don kada kaya su zame. Ita wannan robar, gaskiya, rabin matsalarmu ta kashe a rana ɗaya.

Na biyu shi ne wanda mutane ba su cika ganewa ba. An bar ɗan sarari da gangan tsakanin namiji da mace domin layi ya ɗan juya. Saboda wannan sararin, kana iya jawo ƙarshe biyu da ba su yi daidai ba ka tilasta musu haɗuwa. Zai yi kamar ya zauna, amma duk zagayen a ɗame yake kamar kirtanin baka, ɗan taɓi kaɗan sai wata mahaɗa ta yi tsalle. Gwajin shi ne: gunduwar ƙarshe ta faɗa wurinta daga sama da kanta, ba ja, ba dannawa. In ba ta faɗa ba, kada ka ja. Ka koma ka ƙirga. A zagaye mai siffar ƙwai, kwana huɗu ne a kowane ƙarshe, kuma tsawon miƙaƙƙun da ke gefen dama dole ya yi daidai da na hagu. In 216 ne a nan, can ma ya zama 216, ko da 108 biyu ne. Nan ne 'yan gajerun nan na 54 da 72 suke nuna darajarsu, shi ya sa nake cewa in ka gan su a gwanjo ka kwashe. Kada kuma ka cakuɗa manyan kwanoni da ƙanana a ƙarshe ɗaya ba tare da ka yi haka a ɗaya ƙarshen ba.

Da ka sa mararraba, wata rana za ka tarar namiji na fuskantar namiji, ko mace da mace. Ba kuskurenka ba ne, haka lissafin yake fitowa. Akwai 'yan gajerun gunduwoyi masu kai biyu ko rami biyu da aka yi don wannan. Ka tanadi biyu-biyu.

Na uku, mahaɗa. A nan yanayinmu yana da hannu. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitarwa. Da hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, layin yakan bushe, haɗin ya yi sako-sako. Da damina ta kankama sai ya kumbura, wasu ma sai da ƙyar suke shiga. Don haka kada ka yi gyara mai tsanani a tsakiyar hunturu, in watan Agusta ya zo ramin zai iya tsagewa. Ga wanda ya yi sako-sako, ka yanki ɗan tef na takarda ka naɗa zagaye ɗaya a kan namijin, ka gwada. In bai isa ba ka ƙara ɗaya. Da damina sai ka ɓare. In kana son mai ɗorewa, ka naɗa zaren ɗinki sau 'yan kaɗan a wuyan, ka ɗiga farin gam, ka bari ya kwana. Ga wanda ya matse kuma, ka naɗe sanfefa a jikin fensir ka goge cikin ramin kaɗan-kaɗan, kana yi kana gwadawa, sannan ka goga masa kyandir. Ramin ake gogewa, ba kan ba, domin kan in ya sirance karyewa yake yi.

Gada

Gada ta cancanci a tsaya a kanta. Layin hawa yakan ɗaga wajen milimita 64, kuma ƙafafun da ke zuwa a cikin kwali masu araha 'yan sirara ne, layin ɗorawa kawai ake yi a kansu. Yaro kuwa in zai tura jirgi a hawa, danna shi yake yi ƙasa da gaba, ƙafar ta kife.

Na ɗauki gunduwar layi guda da ƙafar gada guda na tafi wurin kafintan unguwarmu. Ya jujjuya su a hannu ya ce, "Alhaji, ai wannan ba ta da gindi, ko kujera ce aka yi mata ƙafa haka ba mai zama a kai." Ya ɗauko guntayen jan katako daga ƙarƙashin bencinsa ya yanka mini guda shida. Ga abin da za ka ce a yi maka: gunduwa mai faɗin gindi wajen santimita 8 zuwa 10, a fafe samanta a yi kwarmi mai faɗin milimita 41 ko 42 yadda layin zai zauna a ciki da kafaɗa hagu da dama, kuma daga ƙasa zuwa inda layin zai kwanta ya yi daidai da tsawon ƙafar da ta zo da kayan. Ka kai masa ta asalin ya auna, ya fi ka faɗa masa lamba. Katakon ya zama busasshe, a goge kusurwoyinsa.

Wurin sa ƙafa shi ne daidai ƙarƙashin mahaɗa, inda layi biyu suka haɗu, ba tsakiyar layi ba. Sannan kada kwana ta biyo gangara kai tsaye. Ka sa miƙaƙƙe guda a ƙasan gangarar, jirgin ya daidaita kafin ya sha kwana. Taragu kuma uku ko huɗu sun isa hawa gada. In sun fi haka nauyinsu ke raba maganaɗisun, na baya su gangaro su watse.

In yaron bai kai shekara uku da rabi ba, ko kuma akwai ƙani mai rarrafe, shawarata ka ɓoye gadar na 'yan watanni. Ka yanka kwalin madara ka yi masa kogo a maimakonta. Farin cikin ganin jirgi ya shiga duhu ya fito bai gaza na gada ba.

Mataki na biyar: allo

In ka yi duk wannan amma har yanzu kullum sai an kwashe layin don a yi shara ko a shimfiɗa abinci, to lokacin allo ya yi. Ba sai ka sayi teburin da kamfanoni ke sayarwa ba.

Ka je 'yan katako ka nemi filawud mai kaurin rabin inci, wato milimita 12. Cikakkensa ƙafa huɗu ne da ƙafa takwas, kai kuwa abin da kake buƙata bai wuce santimita 120 da 80 ba, don haka ka tambayi ragowar yanka tukuna. Kada faɗin ya wuce 80 ko 90, saboda hannun yaro ya iya kaiwa tsakiya ba sai ya hau kai ba. Kafin a yanka, ka auna ƙarƙashin gado ko bayan kujerar da za ka riƙa tura shi. A zagaye kusurwoyi huɗun, a goge gefuna, a buga siririn katako mai tudun santimita 2 ko 3 kewaye da shi don kada taragu su riƙa gangarewa. In za a yi fenti, na ruwa, a bari ya bushe sarai a waje. Ni ban yi ba, koren yadi mai kauri na shimfiɗa na manne gefensa ta ƙasa.

Sai ka haɗa layin a kai ba tare da ka manne komai ba, ku yi wasa da shi kwana uku ko huɗu. Ka ga inda hannun yaron ke yawan bugewa, ka ga ko jirgin na zagayawa ba tangarɗa. In ka gamsu, ka bi gefen layin da fensir ka zana, ka ɗauki hoto da waya, ka rubuta lamba a ƙarƙashin kowace gunduwa.

Yanzu sai babbar tambaya: a manne ko kada a manne?

Ni dai ban goyi bayan manne komai ba, kuma ina da dalili. Na taɓa ganin allo a gidan wani abokina an bi kowace gunduwa da gam, ya yi kyau kamar na shago. Yaransa sun yi mako biyu suna murna, daga nan suka bar shi, domin hanya ɗaya ce kullum, ba abin da za su canza. Rabin daɗin wasan nan a ginin yake: yaro ya juya gunduwa ya ga ba ta shiga, ya kife ta, ya gane da kansa cewa kwana takwas ne ke dawo da shi gida. In ka manne duka, ka ƙwace masa wannan. Abin da nake yi shi ne in kafe abin da ke faɗuwa, in saki abin da ake ginawa. Ƙafafun gada da layukan hawa a kafe. Babban zagayen waje, in yaron ƙarami ne sosai, shi ma a kafe, amma a bar mararraba biyu da bakinsu a buɗe suna kallon tsakiya. Tsakiyar allon filinsa ne, ya gina abin da ya ga dama.

Hanyoyin kafewa, daga mai sauƙin warwarewa zuwa mai wuya:

Wadda na fi so ita ce ta shinge, don ba ta taɓa layin ko kaɗan. Ka sa kafinta ya yanka maka 'yan guntaye masu tsawon santimita 3, kaurinsu kada ya wuce milimita 8 don kada su taɓa cikin jirgi. Ka manne su a jikin allo da farin gam, hagu da dama na layin, a kowace mahaɗa ta biyu ko ta uku, musamman bayan kwanoni. Layin ba zai zame gefe ba, amma kana iya ɗaga shi sama duk sanda ka so. In ka shimfiɗa yadi, sai dai a buga guntayen da 'yar ƙusa, a tabbata bakinta bai fito ta ƙasa ba.

Ta biyu ita ce ta tef da gam. Ka liƙa tef na takarda a ƙarƙashin layin, ka liƙa wani a jikin allo daidai wurin, ka ɗiga gam tsakanin tef ɗin biyu, ka danne da littafi mai nauyi. Ranar da kake son cirewa, ka zura wuƙar teburi ka ɗaga, tef ɗin ne zai ɓare, katakon lafiya lau. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da 'yar bindiga shi ma yana yi, ɗigo biyu a kowace gunduwa, kuma in ka ɗiga masa sifirit a gefe yakan saki. Tef mai manne fuska biyu kuwa bai daɗe mini ba. Zafin bazara ya narkar da shi, ƙura ta gama da sauran.

Ta uku, sukuru, ita ce ta ƙafafun gada da gidan da ke da yara masu ƙarfin hannu. Ƙafar gada daga ƙasan allo ake ɗaure ta, sukurun ya shigo cikinta, ba abin da ke fitowa fili. In layin kansa za ka ɗaure, lissafin shi ne layi 12, allo 12, jimla 24, don haka sukurun kada ya wuce milimita 20. Ka fara hudawa da siririn bakin injin huda a kan tudun tsakiya, nesa da ramin mace da aƙalla santimita 3. Kada ka tura sukuru ba huji, katako mai tauri tsagewa yake yi nan take. Ka ɗan faɗaɗa bakin hujin yadda kan sukurun zai nutse ya yi daidai da katako, in ba haka ba cikin jirgi zai riƙa kama shi. Ba kowace gunduwa ke buƙata ba, ɗaya cikin biyu ko uku ta riƙe sauran. In ka gama, ka kife allon ka shafa tafin hannunka ko'ina, ka tabbata ba tsinin da ya leƙo.

Farin gam irin Top Bond kai tsaye tsakanin layi da allo, wannan aure ne ba saki. Ranar cirewa sai dai katakon ya yage. Gam mai ƙarfin wari irin na masu takalma da na faci kuwa kada ya kusanci ɗakin yara, haka ma sufa gulu.

Bayan an gama

Ka nuna wa yaron abu biyu da hannunka, ba da baki kawai ba. Na farko, layi sama ake ɗaga shi in za a raba, ba a ja ko a murɗa, don murɗawa ke karya wuyan namiji. Na biyu, in tarago ya ƙi kama ɗan'uwansa yana ture shi, juya shi ake yi. Ranar da ɗana ya gane wannan, ya yi ta zagaya gida yana nuna wa kowa, har da kakarsa: "Hajiya, kin ga, in ya ƙi sai a juya shi."

Ragowar layin da ba a kafe ba a zuba su a roba mai murfi, a ɗora a kan wani abu, kada a bar su a ƙasa jikin bango inda gara da danshin damina za su same su. Kada kuma a fito da duka lokaci guda; ka ɓoye wasu, bayan wata biyu ka fito da mararraba ɗaya ko kogo, wasan ya koma sabo ba ka kashe ko kwabo ba. In kan namiji ya karye, kada ka yar: ka ɗiga farin gam, ka ɗaure da zare ya kwana, ƙaramin guntun dai kada ya kwana a ƙasa inda mai rarrafe za ta tsinta. Duk ƙarshen wata ka sake jan maganaɗisu da tayoyi kamar ranar farko.

A allonmu yanzu akwai tasha biyu da muka yi da kwalin ashana, ya sa na rubuta wa ɗaya Rigasa, ɗaya Idu, tun bayan da muka hau jirgin Kaduna zuwa Abuja. Da yamma shi yake jawo allon daga ƙarƙashin gado da kansa, ya gina tsakiyar yadda ya so, ƙanwarsa kuma, da yanzu ta fara tafiya, an ba ta tarago guda babba marar ƙananan kaya, tana tura shi a zagayen waje.